Juyi Bakwai Sannan Ka Tsaya

Idan kana cikin masu tafiya suna kallon ƙasa, kamar mu da aiki bai cika damunmu ba, to ka taɓa taka rubutun babana. Jan fenti ne a kan murafan ƙarfe da ke bakin titi: lamba, kibiya, wani wurin da 'yar kalma ɗaya ko biyu. Yawancin rubutun ba kyau. Na san abin da nake faɗa, don na yi wata huɗu a shagon mai rubuta allunan talla kafin ni da shi mu gaji da juna. Amma ba don kyau aka yi shi ba.

Baba ya yi shekara ashirin da bakwai a gidan ruwa. Ba a ofis ba, a rami. Ƙarƙashin kowane murfi akwai bawul, wato makunnin da ke buɗe wa bututu ruwa ko ya rufe, kuma ana juya shi da wani dogon makullin ƙarfe mai hannu biyu wanda tsawonsa ya kai ƙirjin mutum. Bawul sittin da ɗaya ne a garin. Taswirarsu ta ɓace tun ina rarrafe, wai gara ce ta cinye ta a cikin kabad. Wadda ta rage ita ce ta cikin kan Baba. Ya san wanda aka saka a juye, ya san wanda ke cijewa a juyi na biyar, ya san wanda idan ka nuna masa ƙarfi zai karye ya bar ka da kunya. 'Yan aiki suna ce masa Mai Makulli. A gida ma, idan Mama ta ji haushi, haka take kiransa.

Na taɓa ganinsa ya ɗora makullin a kan bawul, ya kara kunnensa a hannun ƙarfen, ya rufe ido kamar mai addu'a. Ya ce akwai yoyo tsakanin nan da gidan mai. Aka haƙa, aka samu. Ni kuwa a lokacin ko kiran Mama daga tsakar gida ba na ji, idan dai aike ne.

Da shugaban sashensu ya yi ritaya, ba wanda ya tsaya tambayar wa zai hau. Mama ta fito da kwat ɗin Baba na zuwa coci ta goge, ta rataye a bayan ƙofa cikin leda. Yayata ta fara durƙusawa tana ce masa "Yallaɓai, a kawo ruwan wanka?" Shi kuma ya riƙa sha mata mur, amma bakinsa na motsi. Dattawan coci har addu'a suka zo suka yi a falonmu, aka ƙarar mana da sukari.

Sai aka turo ƙanen matar wani babba.

An ce ya yi karatu, kuma ban musa ba, sai dai harkar otal ya karanta. Ranar da ya fara zuwa, farin takalmi ya sako. A gidan ruwa. Kafin rana ta yi tsaka sunan ya bi shi, har yau ban san wani sunansa ba sai Farin Takalmi. Tambayarsa ta farko ita ce me ya sa aka kai tanki can kan tudu, ba a ajiye shi kusa da ofis inda za a riƙa sa masa ido ba. Da ya ga inji ɗaya na aiki ɗaya a kashe, aka ce masa hutawa yake, sai ya ce, "Hutu? Da izinin wa?" Direban sashen, wanda ya kawo mana labarin, sai da ya riƙe ciki. Baba bai yi dariya ba. Ya ce mutum baƙo ne, a ba shi lokaci. Kwat ɗin dai ya ci gaba da zama a bayan ƙofa.

Abin da ya haɗa su shi ne unguwar tudu. An rufe musu ruwa wata uku ana gyaran tankinsu, mata da yara na ta hawa da sauka da jarkoki, ƙaramin asibitin haihuwa da ke can kuma da durom ake kai masa. Gyara ya ƙare, aka sa ranar da wani babban baƙo zai zo ya buɗe. Bututun da ke hawa tudun ya girmi Baba, kuma ta ƙarƙashin gada ya bi. Idan ya daɗe ba ruwa, iska ce ke cika shi. Dole a lallaɓa shi: a yi juyi bakwai, a tsaya minti goma sha biyar iska ta fita ta wani ƙaramin bawul da ke gindin mangwaro can sama, a sake bakwai, har sau huɗu. Farin Takalmi kuwa so yake baƙo ya dafa makulli, masu hoto su ɗauka, a murɗe gaba ɗaya, ruwa ya yi tsalle a famfon da aka kafa masa.

A taron ma'aikata Baba ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai, idan aka buɗe shi lokaci ɗaya zai fashe a ƙarƙashin gada. Ba mu da irin girmansa a sito. Mutanen nan sai su sake wata huɗu ko biyar. A bari mu cika shi ana gobe, baƙo ya zo ya murɗa famfo kawai."

"Dattijo, an riga an tsara. A gaban baƙo za a buɗe."

"Yallaɓai, bututun bai san baƙo ba."

Wani ya yi dariya a baya, sauran suka kama. Dariyar nan ce ta ci Baba. Washegari aka karɓe makullin aka ba Dogo, wani ƙaƙƙarfan ma'aikaci da bai wuce shekara uku a wurin ba. Shi kuma Baba aka mai da shi ɗakin tarkace, gadin matattun mitoci. Na je na gan shi. Ɗaki ne mai taga ɗaya, da benci mai ƙafa uku da bulo, da tarin mitoci har rufi, duk allurarsu ta tsaya. Na ce, "Baba, ai ka samu waɗanda ba za su yi maka gardama ba." Ya ce in fita.

Saura mako uku buɗewa. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Direba da Dogo suka zo gidanmu. Mama ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar katanga, ni kuma na zauna ba wanda ya gayyace ni.

Direba ya ce, "Mai Makulli, ka yi shiru abinka. Ka faɗa, an ƙi ji. Bari ya fashe. Da gwiwa za su zo nan, a kan tabarmar nan."

Na ce, "Ni zan tsaya a ƙofa ina ba su lamba, kamar layin asibiti."

Direba ya ce, "Kuma ka sani, abin da ke kanka ne kaɗai ya hana su ba ka takardar sallama. Ranar da ya fita daga kanka, ka gama."

Baba ya dubi Dogo. "Kai fa? Na gaya maka yadda ake yi. Ba za ka iya yin a hankali ba?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Baba, a kaina zai tsaya. Idan na tsaya a bakwai ya ce wa ya ce, in ce wa? Idan na ambaci sunanka, ni da kai ne. Matata wata takwas gare ta."

"A ina za ta haihu?"

Dogo ya kau da kai. A unguwar tudu yake haya.

Da suka tafi, na ƙi tashi. Raina a ɓace yake tun ranar da na ga bencin nan mai ƙafa uku, kuma idan raina ya ɓaci bakina ba shi da birki. Na ce, "Baba, Allahn nan da kuke wa waƙa kowace Lahadi har muryarka na dishewa, ba ya gani ne? Wanda ya sani yana gadin tarkace, wanda bai san ruwa na gangarowa daga sama ba yana kan kujera mai juyawa."

Mama ta ce daga kicin, "Kai, ka iya bakinka."

Baba ya ce, "Ƙyale shi, tambaya ya yi." Ya daɗe yana murza gwiwarsa ta hagu, wadda ramuka suka gama da ita. "Yana gani. Kuma ba zan ce maka abin da aka yi daidai ne ba. Mugun abu ne a ɗora wawa a kan mutane, waɗanda suka riga mu sun gani sun yi kuka da shi. Kada wani ya ce maka Kirista shi ne wanda aka taka ya ce an yi masa tausa. Amma ka tuna, Ubangiji da ya zo duniya ba kujera aka ba shi ba. Shekaru ya yi yana fere katako, masu kujera na ta shirmensu a sama. Ban taɓa jin an ce ya yi wa wani karkatacciyar ƙofa don ya huce haushi ba."

"To ai kai ba za ka fasa komai ba. Shiru kawai za ka yi."

"Idan ya fashe, a gidan Farin Takalmi za a ɗauki jarka?"

A gidan Farin Takalmi akwai rijiyar burtsatse, kowa ya sani.

Daga baya Mama ta gaya min cewa tun da aka karɓe makullin, idan suna addu'ar safe suka zo wurin yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, sai Baba ya yi shiru ya bar ta ta faɗa ita kaɗai. Kwana goma sha ɗaya yana haka. Ta ce ba ta yi masa magana ba, ta dai riƙa jan wurin a hankali ko zai shigo.

Ranar Litinin ya dawo daga aiki da gwangwanin jan fenti da buroshi.

Ya ce ya lura da wani abu: mutumin nan ba ya jin magana, amma yana tsoron rubutu. Duk abin da ya gani a rubuce a jikin bango ko inji, ɗauka yake daga sama ya zo, ba ya taɓawa. To za a rubuta masa. Na ce ai murfi ɗaya ne, minti biyar an gama. Baba ya ce a'a, duka sittin da ɗayan.

"Idan ɗaya ne, zai gane ni ne, ya sa a goge. Idan duk gari ne, zai ɗauka doka ce. Kuma akwai wani abu." Ya juya gwangwanin a hannunsa. "Shekara ashirin da bakwai abin nan na kaina. Sau nawa aka ce in rubuta na ce sai an samu lokaci? Daɗi nake ji a ce sai Mai Makulli. Da mota ta kaɗe ni bara, da garin nan ya sha wuya. Ita ma wauta ce, sai dai tawa ba ta sa farin takalmi."

Mama ta fito tana goge hannu a zani. "Mai Makulli, ka ji abin da Direba ya ce. Za su sallame ka."

"Na ji."

"Shekara biyu suka rage maka ka yi ritaya."

"Na sani, Maman yara."

Ta dube shi, ta dubi gwangwanin. Sai ta ce, "To ba da wannan wandon ba."

Suka fara washegari da sassafe kafin lokacin aiki, ranar Asabar kuma wuni guda. Shi ya durƙusa ya kankare tsatsa ya rubuta, ita ta riƙe lema da gwangwani tana kore awaki. Ni na ce ba da ni ba. Ban ga dalilin da zan taya mutum rubuta wa kansa takardar sallama ba. Na riƙa fita yawona, amma duk inda na bi sai na ga ja a ƙasa, kamar garin na bina da ido.

A murfi na arba'in da biyu gwiwar ta ƙi. Ya durƙusa ya kasa tashi, sai da mai gyaran taya ya taimaka aka ɗaga shi. Da suka dawo Mama ba ta yi min faɗa ba. Ta ajiye gwangwanin a gaban ƙafata ina cin abinci, ta ce, "Wata huɗun nan da ka yi a shagon mai fenti, ko ba ka koyi komai ba ka koyi durƙusawa." Saboda haka idan ka ga murfi mai rubutu a miƙe, lambobin sun zauna daram kamar na banki, nawa ne. Goma sha tara ne. Baba na tsaye da sanda yana faɗa, ina rubutawa, yana cewa na cika iyayi, ruwa ba ya buƙatar ado. Na bakin tudun shi ya rubuta da kansa. Ya ce in riƙe shi ta hammata. JUYI 7. TSAYA MINTI 15. SAU 4.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa a gindin tudu, aka jera kujeru, aka ɗaura wa makullin Baba kyalle mai sheƙi kamar za a kai shi gidan miji. Ba a gayyaci Baba ba. Ya nemi izinin rabin wuni, ya hau tudu da sandarsa da sifanarsa ta gida, ya zauna a gindin mangwaro wurin ƙaramin bawul ɗin iska. Ni na tsaya a bayan masu hoto.

Baƙo ya iso wajen ƙarfe goma, dattijo ne mai tabarau. Aka yi jawabai. Aka kawo shi bakin rami, inda aka jingine murfin a gefe. Ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi kowa na ji.

"Juyi bakwai, tsaya minti goma sha biyar, sau huɗu. Na ga irin wannan a hanya tun daga shigowa gari. Tsari mai kyau. Aikin wa ne?"

Farin Takalmi ya dubi murfin kamar yau ya fara ganinsa, kuma ina jin yau ɗin ne. "Sabon tsarinmu ne, ranka ya daɗe. Tun da na zo na ga ya kamata."

Ban san lokacin da na matsa gaba ba. Maganar ta riga ta hau harshena, kuma mai daɗi ce, da an shekara ana maimaita ta a garin. Sai Dogo ya ɗago daga kan makulli ya dube ni. Ya girgiza kai kaɗan. Na gane. Idan na tona, mutumin zai ce tsohon nan ne ya yi masa zagon ƙasa, ya sa a murɗe duka don ya nuna shi ne shugaba. Na cije leɓe har na ji gishiri. A rayuwata ban taɓa yin aikin da ya kai wannan wuya ba, kuma ba wanda ya tafa min.

Baƙo ya dafa makulli, aka ɗauki hoto, Dogo ya juya yana ƙirgawa a fili. A bakwai ya tsaya.

Farin Takalmi ya matso ya rage murya. "Ɗan ƙara mana."

Dogo ya nuna murfin da haɓa. "Tsarinka ne, Yallaɓai."

Haka manyan mutane suka zauna kusan awa guda suna kallon rami. Lemon kwalba ya ƙare. Mai jawabi ya sake jawabinsa daga farko. Ruwan da ke tsiyaya daga bakin bawul ya yi taɓo, taɓon kuma ya sami takalmin da yake nema. Can sama, Baba ya gaya min daga baya, iska na fita tana huci kamar tsohuwar tukunya, yana sassauta mata da sifana kaɗan-kaɗan. Bayan juyi na ashirin da takwas famfon baƙo ya yi tari sau biyu, ya tofar da jan ruwa, sannan ya kawo fari. Mata suka yi guɗa daga kan tudu. Gada na nan yadda take.

Bayan wata biyu takardu biyu suka fito rana ɗaya. Ta farko ta ɗaga Farin Takalmi zuwa babban ofis, da yabo na musamman kan tsarin lambobi a murafai. Ta biyu ta gode wa Baba, ta ce tunda yanzu aiki bai dogara ga mutum ɗaya ba, ya je ya huta. Direba ne ya kawo masa ita har gida, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa. Mama ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Da ta fito idonta ja, ta cire kwat ɗin daga leda ta ce gobe Lahadi shi zai saka, kuma a benci na gaba za su zauna.

Wanda aka turo a madadin Farin Takalmi ɗan wan wani ne. An ce shi harkar kiwon kaji ya karanta. Na ce wa Baba an ci gaba, ko ba komai ya san kaji na shan ruwa.

Ni har yau ban huce ba, kuma na gaya masa. Na ce da ya bari ya fashe, da yanzu shi ke kan kujera. Ya ce wataƙila. Ya ce matar Dogo ta haifi mace a asibitin tudu, kuma da ruwan famfo aka wanke ta, in je in tambayi Dogo wanne ya fi so. Na ce wannan ba amsa ba ce. Ya ce ita gare shi.

Damina ta wuce, tayoyi da ƙafafu sun bi ta kan murafan, jan ya fara komawa ruwan ƙasa. Ba wanda ya lura a gidan ruwa, don mai tsarin ya yi gaba. Ranar Asabar da ta wuce ina kwance ina shirya yadda zan yi arziki, sai na ji ana buga ƙofata da sanda. Baba ne, sanye da tsohon wandonsa na aikin fenti, da sabon gwangwani a hannu.

Na ce, "Baba, ai sun sallame ka."

"Daga ofis suka sallame ni. Tashi. Na bakin tudu ya fara gogewa, bakwai ɗin ba ya fita sosai."

Na ce ina da inda zan je. Ya ce ya sani, kullum ina da inda zan je, in ɗauko buroshi mu bi ta can.